"Na Nawa Kika Zo?" Labarina Da Na Ɗana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauko waya sai in ji nauyi, don a wajenmu ba a saba mutum ya fito ya ce baiwar ƙwaƙwalwa da Allah ya yi masa ta taɓa zame masa kaya ba, sai a ce butulci ne ko kuma yabon kai yake. To ni dai Allah ya ga zuciyata. Abin da ya sa na daure shi ne ni malamar lissafi ce a sakandare, kuma kusan duk shekara sai an kawo min yaro ko yarinya da nake ganin kaina a jikinsu, ga shi kuma yanzu Allah ya ba ni irinsu a cikin ɗakina.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, a cikin birnin Kano aka haife ni wajen ƙarshen shekarun 1980, Babanmu yana da ɗan shagon atamfa a Kantin Kwari. An ce tun ban cika shekara 4 ba nake karanta rubutun jikin gwangwanin madara da allunan shaguna, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, ina dai raɓewa ne gefen 'ya'yan maƙwabta in suna aikin gida. A makarantar allo malam zai biya wa na kusa da ni, kafin shi ya riƙe ni na haddace nasa na haddace nawa. Da aka sa ni firamare ban jima a aji 1 ba aka ce zamana a nan ɓata lokaci ne, aka cilla ni aji 3, daga aji 5 kuma na zauna jarrabawar shiga sakandare na ci. Ina da shekara 9 aka ɗora min akwatin ƙarfe da bokiti aka kai ni makarantar kwana.

Kowa murna yake. Babanmu Allah ya jiƙansa, katin sakamakona a aljihun gaban rigarsa yake kwana, a majalisarsu ta bayan la'asar sai ya zaro ya nuna, har takardar ta yi laushi ta fara yagewa ta wajen ninkin. Kuma wallahi ban taɓa shakkar son da yake min ba. Amma tun daga ƙofar gida har ɗakin kishiyar Ummanmu har gidan kawunnai, gaisuwar da ake min guda ɗaya ce, na nawa kika zo? Ƙannena ana tambayarsu me suka ci, wa ya dake su, me ya sa suke kuka. Ni an riga an yanke cewa mai hankali ce, ba ta da matsala.

Ita Ummanmu kuma kunyar 'yar fari take, ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in na yi kuka a gaban mutane kawar da kai take yi. Ranar biziti za ta aiko da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji da dambun nama wanda na san ta kwana tana yi, amma ita ba za ta zo ba. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, haka ta taso ta ga ana yi, kuma al'adar da ta ce uwa ta yi kara ai ta tanadi kaka da goggo su cike gurbin. Ni ma ina da tawa kakar, a ɗakinta nake baje duk shirmen da ke kaina, in tambaye ta ina rana take kwana, me ya sa almajiri ba ya komawa gidansu da daddare, ta yi ta dariya tana tsokanata tana ba ni amsa iya saninta. Sai ta rasu kafin in tafi makarantar kwana. Daga nan ban ƙara samun wanda zan yi wa tambaya ba tare da an ce na cika iyayi ko tsaurin ido ba, ko a rufe min baki da abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Makarantar kwanan nan ita ce inda na fara sanin kaɗaici. 'Yan ajinmu shekara 12, 13, har da masu 14, hirarsu ta al'ada ce da samari da ɗinkin sallah, ni kuwa abin da raina yake so in sami wadda za mu yi 'yar carafke ko 'yar gala-gala. In na je wajen 'yan firamaren da ke kwatas ɗin malamai mu yi wasa, ba a jimawa na gundure su don ina ta kawo dokoki da maganganun da ba sa ganewa. Cikakken bokiti ba na iya ɗauka daga famfo zuwa hostal, kitso ba na iya yi wa kowa balle a rama min, da daddare ina tsoron fita banɗaki. Amma lokacin firef siniyoyi 'yan aji 3 suna aikowa a kira ni in yi musu asaimen ɗin lissafi, in na gama a ce jeki. Suna ce min Kwamfuta. An ga wuyana dogo ne sai aka ɗora min tulun manya, ba wanda ya duba ƙafafun da za su ɗauka.

Akwai abin da na yi a aji 2 da har yau ina ganinsa a idona. Akwai yarinyar da muke zama benci ɗaya, ita kaɗai ce take jana a jiki, ranar da aka raba takardun tes na ci duka ita ta faɗi, malamin ya ɗaga takardata sama ya ce mata dubi wannan 'yar mitsitsiyar, ba ki ji kunya ba, ƙanwar ƙanwarki. Ta daina yi min magana. Da tes na gaba ya zo na gama amsa komai tun rabin lokaci bai yi ba, sai na ɗauko kilina na bi amsoshin ƙarshe ina gogewa ɗaya bayan ɗaya ina rubuta lambobin da na san ba daidai ba ne, hannuna yana rawa, har takardar ta huje a wuri ɗaya. Wannan zangon na zo ta 3. Ƙawata ta dawo min. Da na je gida hutu Baba ya duba katin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce su biyun da suka wuce ki kai bibbiyu ne da su? Wannan katin bai shiga aljihunsa ba.

Shekaru da yawa bayan haka, ina karatun difilomar koyarwa, na ci karo da aikin wata farfesa 'yar Ostareliya, Miraca Gross, wadda ta yi shekaru tana bin rayuwar yara 60 masu tsananin hazaƙa. Tun 1989 ta yi rubutu a kan wannan abin da na yi, cewa irin waɗannan yaran sau da yawa ana tura su lungun da dole su zaɓi ɗaya, ko su nuna abin da suka iya su rasa abokai, ko su ɓoye shi a karɓe su. Na karanta na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, don duk tsawon shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ce. Kuma abin ma ai yana cikin littattafanmu. A Sahihul Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma misalinta kamar musulmi ne, manya suka yi ta ambaton itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya san dabino ce amma ya yi shiru saboda shi ne ƙarami a wajen. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yana da uban da zai koma ya gaya wa, kuma Sayyadina Umar bai ce masa madalla da ka yi shiru ba, cewa ya yi da ka faɗa da ya fi soyuwa a gare ni fiye da kaza da kaza.

Na gama sakandare ina 15, na shiga jami'a ina 16. Ba wanda ya tambaye ni me nake so, ni ma ban tambayi kaina ba, tunda dai yarinya tana da ƙwaƙwalwa ai likita ce, tun ina firamare ake ce min Dakta. A aji 2 na medisin komai ya rushe. Ni tun da nake ban taɓa koyon yadda ake zama a yi karatu ba, sau ɗaya nake jin abu ya zauna, to anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan adam, ba haka yake ba, sai ka zauna ka maimaita ka manta ka sake, kuma ga ni a cikin aji da kowa shi ne na ɗaya a makarantar da ya fito. Na faɗi tes na farko a rayuwata. Maimakon in je in ce wa wani ban gane ba, sai na daina zuwa laccar gaba ɗaya, don a tunanina in aka ga ina wahala kafin in gane to asirina ya tonu, dama can ba ni da ƙoƙarin da ake faɗa. Babbar jarrabawa ta zo na faɗi, na yi risit na sake faɗuwa, aka ce in nemi wani kwas.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi sosai. Na koma gida na shige ɗaki, ba ci ba wanka ba magana, barci ya ƙaurace min, har na kai ina roƙon Allah ya ɗauki raina in huta da kallon da ake min. A gida aka ce kambun baka ne, wasu suka ce sammu, aka yi ta rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Ni ban raina addu'a ba kuma na yarda baki gaskiya ne. Amma Goggona, ƙanwar Baba, wadda tsohuwar nas ce, ita ce ta zo ta ce Yaya a ci gaba da addu'a amma ka ba ni yarinyar nan. Ta tafi da ni gidanta, ta kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa aka ce ciwon damuwa ne aka ɗora ni a kan magani. Kuma a gidanta ba ta taɓa ta da zancen makaranta ba, sai dai ta ce ɗiyata zo ki tsince min shinkafa, zo mu je kasuwar Rimi, zo ki ga yadda ake dama fura. Rannan muna gyaran zogale ta ce min, ke ko ba ki ƙara cin jarrabawa ba har abada ɗiyarmu ce ke. Ban san ina jiran wannan maganar ba sai da na ji ta. A hankali na warware, na koma na karanta lissafi wanda dama shi raina yake so.

Daga baya na karanta cewa a Amurka ma sai da aka yi rashi kafin a farga. A 1980 wani matashi ɗan shekara 17 da ya shiga jami'a da ƙananan shekaru saboda hazaƙarsa ya kashe kansa, shi ne a 1981 wani masanin halayyar ɗan adam, James Webb, ya kafa ƙungiyar SENG, wadda aikinta kawai kula da halin da zuciyar irin waɗannan yaran take ciki da kuma haɗa iyayensu su tattauna. Ni Allah ya ba ni Goggo. Ina yawan tunanin waɗanda ba su da ita.

Yanzu ga ɗana na fari, sunan Baba ya ci don haka Abba muke ce masa. Tun yana ƙarami na ga alamun, kuma gaskiya da farin ciki da fargaba suka zo min tare. Lokacin kullen korona na 2020 yana da shekara 6, lokacin nan da aka yi ta rashe-rashen dattawa a Kano, kullum rediyo sanarwar rasuwa. Ashe yaron nan yana saurara yana riƙe shekarun duk wanda aka ambata, yana lissafa saura nawa kakansa na wajen uba ya kai. Wani dare cikin tsakiyar dare na ji ana taɓa ƙafata, na buɗe ido na gan shi tsaye jikinsa yana ɓari, ya ce Umma in kowa zai mutu to wa zai yi wa na ƙarshe sallah ya binne shi? Wannan shi ne yaron da da safe ya yi birgima a ƙasa don ƙanwarsa ta sha masa kofinsa, wanda har lokacin bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Masana da suka zauna a kan lamarin a 1991 da wannan suka siffanta irin yaran, girmansu ba ya tafiya tare, tunani ya yi gaba can, jiki da zuciya suna nan a shekarunsu, kuma abin da ya shige su yana shigarsu da ƙarfi fiye da sauran yara. Kansa ya kai shi inda zuciyarsa ba za ta iya tsayawa ita kaɗai ba.

Na jawo shi jikina muka zauna a kan darduma, na gaya masa abin da na sani game da tashin alƙiyama daidai yadda zai ɗauka, na ce masa Allah da ya halicci na farko ba tare da kowa ba ba zai bar na ƙarshe ba, muka yi wa kakansa addu'ar tsawon rai, ya yi barci a cinyata. Daga ranar muka daina kunna sanarwar rasuwa in yana kusa. Ni ma fa ina kunyar ɗan fari, a gaban surukaina ba na kiran sunansa ba na jansa a jiki. Amma mu a gidan haya muke mu kaɗai, ba kaka a tsakar gida ba goggo a ɗakin kusa, in na ce zan yi kara irin ta Ummanmu to wa zai je wa? Don haka in mun shiga ɗaki na ajiye kunyar nan a bakin ƙofa.

Haka ranar da 'yar tattabararsa ta mutu, ya ƙi cin abinci, wani baƙo ya ce haba namiji da kuka a kan tsuntsu, kai da ake cewa kana da hankali. Babansa ne ya ba shi amsa, ya ce ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya kula da ƙanin Anas ɗan Malik da ɗan tsuntsunsa ya mutu, yana tambayarsa ya Aba Umair me ɗan tsuntsun nan ya yi? Suka fita bayan gida shi da Abba suka haƙa rami suka binne ta.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne tsoron kuskure. In harafi ɗaya ya karkace sai ya yage shafin gaba ɗaya, in ya ga abu zai yi masa wuya sai ya ce ba ya so tun bai gwada ba. Na san wannan ciwon, shi ya kayar da ni. Akwai binciken da wasu masana halayyar ɗan adam, Carol Dweck da Claudia Mueller, suka fitar a 1998 a kan 'yan aji 5 na firamare, aka ba su aiki, wasu aka yabe su da kai kana da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce lallai ka dage. Waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu sai suka riƙa zaɓar aiki mai sauƙi, da suka haɗu da mai wuya suka karaya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka yi ƙarya a kan makin da suka ci. To mu a gidanmu mun hana a kira shi Farfesa ko Injiniya, mun kuma roƙi dangi a daina sa shi karatu a gaban baƙi ana tafi, a daina auna ƙanwarsa da shi don kar a haɗa su gaba. In ya dawo makaranta abin da nake tambaya da wa ka yi wasa yau, me ya ba ka dariya, me ya ba ka wuya. Wasu sun ji haushi, sun ce muna ɓoye baiwar Allah. Mun yi haƙuri da su.

Wanda ya fi kowa yi mana aiki a nan kakansa ne na wajen uba, kuma shi bai ma san yana yi ba. Duk Juma'a bayan masallaci ana kai Abba wajensa su yi dara a ƙofar gida, tsohon nan ba ya raga masa ko kaɗan, ya cinye shi tas yana tsokanarsa wai ina ƙwaƙwalwar da ake faɗa, maigidan banza, na kwace matar. Farkon abin kuka yake yana watsa 'ya'yan darar, tsohon ya yi dariya ya ce tsince su mu sake. Yanzu sai a cinye shi ya ce a sake da bakinsa. A wajen dara ya koyi cewa ana iya kayar da kai kuma wanda ya kayar da kai yana sonka. A Islamiyya kuma Allah ya haɗa shi da wani yaro da ya girme shi da shekara 2 mai son taswira da labarin taurari irinsa, na je da kaina na gaida mahaifiyarsa muka ƙulla zumunci don dai yaran su riƙa haɗuwa. Aboki ɗaya tak, amma tun da ya same shi ya daina cewa cikinsa na ciwo da safe.

Makarantarsu sun ce a tsallakar da shi aji. Ba wai ina ganin tsallaken aji laifi ba ne, ita Gross ɗin ma abin da ta gani shi ne yaran da aka tsallakar da su da shiri da kulawa sun fi samun abokai da kwanciyar hankali a kan waɗanda aka bari suna hamma a aji. Nawa tsallaken shirin ne babu, an duba maki kawai aka tura. Mun zauna da hedimasta muka daidaita a kan ya zauna a ajinsu, in lokacin lissafi ya yi ya tafi aji na gaba ya dawo. Da aka yi ta cece-kuce a 2024 kan ko shekara 18 ko 16 ce za a shiga jami'a, na ga kowa shekaru yake ƙirgawa, ban ji ana tambayar wa zai kula da yaron in ya shiga ba.

Makarantun masu hazaƙa muna da su. Akwai ta gwamnatin tarayya a Suleja da aka kafa tun zamanin Janar Babangida wadda NECO ke shirya jarrabawar shigarta, akwai ta Bamaina a Birnin Kudu da aka gina lokacin Sule Lamido, ga makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi. Amfaninsu babba ne, ko ba komai yaro zai tarar da irinsa ya daina jin shi bare ne. Yanzu maganar da muke kai kenan a gida, Baban Abba yana so ya zauna jarrabawar Suleja bana, ni na ce a bari sai ya ƙara ko shekara ɗaya, kuma kafin nan ina so mu je da ƙafarmu in ga hostal ɗin, in san wa yake kwana da yaran, in tambaya ko akwai malamin ba da shawara da yaro zai iya zuwa wajensa ranar da ya zo na 20 a karon farko. Mun tambayi shi Abban ra'ayinsa, ya ce in abokinsa zai zauna shi ma zai zauna, sannan yana so a gaya masa sau nawa ake zuwa biziti a zango. Mun ce masa za mu tambayo.